Kafin a sayi kofi da jesi, a duba gwiwar yaron

Tun da Mohammed Kudus ya tashi daga Nima, ya bi ta makarantar ƙwallo ta Right to Dream da ƙungiyar Nordsjaelland ta Denmark har ya sauka a Ajax a 2020, lissafin iyaye a zangunan Accra ya sauya. A da zane yaro ake yi idan ya tsere wa makarantar allo ya tafi ƙwallo, yau kuwa uba da kansa ke shiga kasuwar Kantamanto ya zaɓo masa takalmin bugawa. Je ka Kawukudi da yamma, ko Fadama, ko Madina, ko Sukura, za ka tarar da fili ba masaka tsinke. Ban ga laifin wannan ba, ƙwallo sana'a ce kuma ta fitar da gidaje daga haya. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ƙirga. Mun san sunan duk wanda ya tsallaka Turai, amma ba mai riƙe da lissafin yaran da suka rataye takalmi suna da shekara 16 ko 17 saboda gwiwa ta ƙi, ko idon sawu ya saba gocewa, ko ƙugu ya riƙe.

Idan aka ɗauko yaro daga fili a kafaɗa, maganar da ake yi sananniya ce: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, kuma akwai raunin da ba mai iya tarewa, kamar mutum biyu su tashi sama su gwara kai. Sai dai wanda ya san aikin ya san cewa da yawa daga raunukan yara an fara su ne makonni kafin ranar da suka bayyana, lokacin da wani babba ya yanke shawara. Shi ya sa yaron wasa uku a yini guda, shi ya bar shi ya shiga fili ba a ɗumama jiki ba, shi ya miƙa masa ƙwaya ya ce ya daure. Ɗan shekara 13 ba zai taɓa cewa a cire shi ba, balle idan an ce mai neman 'yan wasa yana bakin fili. Don haka alhakin yana wuyan babban da ke tsaye a bakin layi, kuma mafi yawan abin da ake bukata daga gare shi bai kai kuɗin jesi saiti ɗaya ba.

A fara da ƙashi, domin nan ne manya suka fi kuskure. Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro, wajen gwiwa da idon sawu da wuyan hannu da ƙugu, akwai wani faifan guringuntsi inda tsawo ke fitowa. Ba ya rufewa sai wajen shekara 13 zuwa 15 ga 'yan mata, 15 zuwa 17 ga maza. Wannan faifan ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni, shi ya sa murɗewar da za ta bar babba da targaɗe tana iya tsaga wa yaro faifan girma. In aka ɗora shi a karkace, ƙafar na iya tasowa a gajarce ko a lanƙwashe. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ɗanyen da aka tanƙwara ba daidai ba haka zai girma.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne shekarun zabura, lokacin da wandon Sallah ke ɗagewa kafin wata Sallar: wajen shekara 11 zuwa 12 ga mata, 13 zuwa 14 ga maza. Yaro kan ƙara santimita 8 zuwa 10 a shekara guda. Ƙashi yana riga tsoka miƙewa, sai tsokar ta ɗaure tana jan inda ta manne. Daga nan ciwo biyu ke fitowa da kowane koci ya kamata ya gane da ido. Na farko wani tudu ne mai tauri a ƙasan ƙoƙon gwiwa, wanda likitoci ke kira Osgood-Schlatter. Yana zafi idan an yi tsalle, ko an hau bene, ko an durƙusa, kuma sau da yawa uwa ce ke fara lura yaron yana gyara gwiwa wajen sujada. Na biyu ciwon dunduniya ne da ake kira Sever, mai kama 'yan shekara 8 zuwa 13, inda yaro ke ɗingishi bayan wasa, kuma in ka matse dunduniyar ta gefe biyu sai ya janye ƙafa. Duka biyun suna wucewa idan girma ya lafa. Abin da suke so shi ne a rage tsalle da gudu mai ƙarfi da kamar rabi, a miƙa tsokar cinya da ta bayan ƙwauri na daƙiƙa 30 sau uku a kullum, a sa ƙanƙara a tsumma minti 15 bayan atisaye, a huta gaba ɗaya ranar da ciwon ya kai ga ɗingishi. Akwai na uku da ba ya jira. Yaro tsakanin shekara 10 da 15, musamman mai jiki, da ke kukan gwiwa ko cinya, yana ɗingishi kuma ƙafar tana juyawa waje idan yana tafiya, to wataƙila matsalar a ƙugu take: kan ƙashin cinya ne ke zamewa daga faifansa. Wannan a hana shi takawa, a kai shi a ɗauki hoton ƙugu, don ana iya ɓata watanni ana shafa wa gwiwa mai alhali gwiwar lafiyarta ƙalau.

Gane wanda ya shiga zabura ba ya bukatar na'ura. Tef ɗin tela da bango da fensir sun isa. A auna kowane yaro ba takalmi duk wata uku, a rubuta a littafi. Wanda ya ƙara santimita 2 ko fiye cikin wata ukun, a sassauta masa aiki.

Sai yawan wasa. Yaro mai ƙafa a zango kowa na son sa: ƙungiyar makaranta, ƙungiyarsa ta kolts (ƙungiyoyin ƙwallon yara), 'yan layinsu, ga gala, wato gasar unguwa, duk ƙarshen mako, ga wata makarantar ƙwallo da ta yi masa alkawarin gwaji. Kowane koci abin da ya sa shi kaɗai ya sani, ba wanda ya haɗa jimilla. Ƙa'idar da likitocin wasannin yara ke bayarwa mai sauƙin riƙewa ce: awannin atisaye da wasa a mako kada su wuce shekarun yaron. Ɗan shekara 12, awa 12 ne iyakarsa, har da na makaranta da na unguwa. A ba shi kwana ɗaya ko biyu a mako ba ƙwallo, kuma a shekara ya samu wata biyu zuwa uku, ko a rarrabe, da zai huta da ita ya taɓa wani wasan. Gala ta yini guda, inda ƙungiyar da ta kai ƙarshe ke buga wasa uku ko huɗu tsakanin hantsi da magariba, ita ce ta fi karya wannan ƙa'ida. Tsokar da ta gaji ba ta riƙe gaɓa, shi ya sa aka fi jin ciwo a ƙarshen wasa da ƙarshen yini. In dole a yi gala, a gajarta wasannin, a bar aƙalla awa biyu tsakaninsu, a buɗe canji ba iyaka, kuma a sa iyakar mintocin da yaro ɗaya zai buga a yinin.

Barci ma yana cikin lissafin. Ɗan shekara 13 zuwa 18 na bukatar awa 8 zuwa 10. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2014 ya gano cewa ɗaliban da ke barcin ƙasa da awa 8 sun fi sauran jin rauni da ninki 1.7. Yaron da ya kalli wasan Turai har sha ɗayan dare, ya ɗora da waya, ya tashi asuba, ya bi motar haya ta trotro zuwa makaranta, da gajiyarsa yake isa fili.

Maganar rage shekaru kuwa mun saba ɗaukarta a matsayin maguɗin cin kofi kawai. Tun 2009 FIFA ke amfani da hoton MRI na wuyan hannu don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17, amma a filin unguwa ba mai dubawa. Ɗan shekara 17 da aka rubuta 13 yana iya fin wanda zai tare nauyi da kilo 15 ko 20, ƙashinsa ya kusa ƙosawa, na ɗayan bai ƙosa ba. Wanda ya sa hannu a wannan takardar yana da kaso a karayar da za ta biyo baya.

Yanzu ga abin da ya fi komai araha kuma ya fi komai hujja. Ɗumama jikin da aka saba yi shi ne a zaga fili sau biyu, a taɓa yatsun ƙafa, sai a fara dukan raga da ƙarfi da tsoka mai sanyi. A 2006 masu binciken lafiya na FIFA tare da cibiyoyi a Norway da Amurka suka tsara wani ɗumama jiki na minti 20 mai suna FIFA 11+. Gwajin farko a Norway, kan 'yan mata kusan 1,900 masu shekara 13 zuwa 17, ya nuna raunuka sun ragu da kamar kashi ɗaya cikin uku. Kada wani ya ce ai wannan Turai ce mai ciyawa: an gwada shi a gasar matasa ta Legas, aka wallafa a 2014, raunuka suka ragu da kashi 41 cikin 100, na ƙafa kuma da kashi 48.

Ga yadda yake. A jera alamomi layi biyu, shida-shida, tsakanin kowace da ta gaba mita biyar zuwa shida. Robobin ruwa da aka cika da yashi sun wadatar. Kashi na farko minti 8 ne na sassarfa bibbiyu: gudu a miƙe, buɗe ƙugu waje, juyo shi ciki, zagaye abokin tafiya, tsalle a haɗa kafaɗa, sai gudu gaba da baya, kowanne sau biyu. Kashi na biyu minti 10 ne na ƙarfi da daidaito, kuma nan amfanin yake. A dogara kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa jiki a miƙe, daƙiƙa 20 zuwa 30 sau uku. A yi haka ta gefe, dama da hagu. Sai atisayen Nodik: yaro ya durƙusa, abokinsa ya danne masa idon sawu, ya riƙa faɗowa gaba a hankali jiki a miƙe daga gwiwa zuwa kafaɗa, yana riƙe kansa da tsokar bayan cinya har sai ya kasa, sannan ya tare da hannu. Mai farawa sau 3 zuwa 5, in ya saba 7 zuwa 10, ƙwararre 12 zuwa 15. Wannan shi kaɗai yana rage yagewar tsokar bayan cinya da kusan rabi, amma makon farko cinya za ta yi tsami, don haka kada a fara shi ana saura kwana biyu wasa. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30 ana riƙe da ƙwallo ko ana jefa wa juna, sai tsuguno, sai tsalle. Kashi na uku minti 2 ne na gudu mai ƙarfi, da dogon taku, da dasa ƙafa a sauya hanya.

Inda ake ɓata wannan ɗumama jikin wuri biyu ne. Na farko, koci ya ba da umarni ya koma kan waya. Duk tsarin a kan abu ɗaya ya tsaya: idan yaro ya sauko daga tsalle ko ya juya, ƙugu da gwiwa da yatsun ƙafa su kasance a layi ɗaya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, sauka a kan gaban tafin ƙafa ba ƙara. Gwiwar da ke faɗawa ciki yayin sauka ita ce ke tsinka babbar jijiyar tsakiyar gwiwa, kuma mafi yawan masu tsinka ta ba wanda ya taɓa su. Sai koci ya tsaya gaban yaro yana kallon gwiwar yana gyarawa. Na biyu, a yi mako biyu a watsar. Ana son aƙalla sau biyu a mako, kuma sai an yi mako 10 zuwa 12 kafin jiki ya ɗauka. Ranar wasa kashi na farko da na uku kawai ake yi. Wannan tsarin na 'yan shekara 14 zuwa sama ne. Ƙananan suna da nasu, 11+ Kids, mai kama da wasa, har da koyon yadda ake faɗuwa a mirgina ba a tokare da hannu ba. Ƙungiyoyin 'yan mata, da suke ƙaruwa a zango, su suka fi bukatarsa, domin mace ta fi namiji tsinka wannan jijiyar da ninki biyu zuwa uku.

Me ya sa nake nanata jijiyar nan? Michael Essien ya tsinka ta a 2008 a wasan Ghana da Libiya. Baba Rahman ya tsinka tasa a 2017 a Port-Gentil, wasan Ghana da Uganda, a filin da kowa ya yi ƙorafi a kansa. Dukansu a lokacin suna da kwantiragi da Chelsea, da likitocin tiyata da masu gashin ƙashi a bayansu, duk da haka kowannensu ya sha watanni a waje. Bayan tiyata ana son aƙalla wata tara kafin a koma gasa, kuma wanda ya yi gaggawa shi ya fi sake tsinkawa. Ɗan Mamobi da uwarsa ke sayar da waakye ba shi da Chelsea. Minti 20 ɗin nan su ne abin da aljihunsa zai iya.

Fili da takalmi ba sa bukatar dogon bayani. A filin sakora, yara su jeru su taka shi daga raga zuwa raga kafin a fara, a tsince kwalba da ƙusa da dutse, a cike rami. Minti biyar ne. Ragar ƙarfe da ba a kafe ba a danne ta da buhunan yashi, kada a bar yara su yi lilo a kanta. Filayen roba da aka shimfiɗa a Fadama da Madina da sauran wurare ci gaba ne, amma suna da halinsu: da tsakar rana saman robar na iya wuce digiri 60, kuma takalmi mai dogayen haƙora yana cijewa a cikinta, ƙafa ta tsaya jiki ya juya, gwiwa ta biya. Roba da sakora duka takalmi mai ƙananan haƙora masu yawa suke so. Takalmin gwanjo ba laifi in haƙoransa ba su cinye ta gefe ɗaya ba, kuma kada a sayo wanda ya fi ƙafa da lamba biyu wai don ya daɗe. Kariyar ƙwauri doka ce tun 1990, kwali a cikin safa ba ya maye gurbinta. 'Yan ƙasa da 13 ƙwallo lamba 4 ce tasu, lamba 5 mai giram 410 zuwa 450 ta manya ce.

Zafin Accra, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, yana zuwa da laima a iska, zufa ba ta bushewa, jiki ba ya huce wa kansa. Hana yara ruwa wai don su yi juriya jahilci ne. Ɗan shekara 9 zuwa 12 ya sha kamar rabin ledar ruwa ko ƙasa da haka kaɗan duk minti 20, matashi kuwa leda biyu zuwa uku a awa idan zufa ta yi yawa. Mai son tabbatarwa ya auna yaro kafin atisaye da bayansa: kowane kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce, wato leda biyu. Fitsari ja-ja da safe alama ce an kwana da bashin ruwa. Yaron da ya fara magana ba kan gado, ko tangaɗi, ko faɗa ba dalili a cikin rana, jikinsa rau, a ɗauka zafi ya buge shi. A kai shi inuwa, a tuɓe jesi, a kwarara masa ruwan sanyi a duk jiki ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Sanyayawar nan take ita ke ceton rai, motar asibiti ta same ku kuna yi. Da azumi kuwa, atisaye mai nauyi ya koma bayan buɗa baki da awa ɗaya da rabi ko biyu, ko a yi mara nauyi gab da magariba, a rarraba shan ruwa daga buɗa baki zuwa sahur maimakon a ɗura shi lokaci guda.

Abu biyu namu ne da littattafan Turawa ba su cika damuwa da su ba. Kimanin jarirai 2 cikin 100 da ake haifa a Ghana suna da cutar sikila, kuma tun 1995 aka fara gwada jarirai a Kumasi, amma masu ɗauke da AS, wato waɗanda suka gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyaye kawai, miliyoyi ne kuma da yawa ba su sani ba. Mai AS yana ƙwallo lafiya lau har ya zama gwani. Haɗarinsa yana wajen gudun horo mai tsanani ba hutu, cikin zafi da ƙishirwa, irin wanda ake sa yara don ladabtarwa. Alamarsa daban take da ɗaurewar tsoka: ƙafafu ne ke saki, yaro ya sulale ƙasa tsokar a sake, yana haki. Wannan na asibiti ne nan take. Kowane koci ya san ko yaransa AA ne, ko AS, ko masu sikila. Na biyu zazzaɓi. Yaron da jikinsa ke da zafi ba ya wasa, ko da wasan ƙarshe ne. Zazzaɓin cizon sauro na kumbura saifa ta yadda gwiwa ɗaya a ciki za ta iya fasa ta, wasu ƙwayoyin cutar kuma suna taɓa tsokar zuciya.

Zuciya ta kai mu ga Raphael Dwamena, ɗan wasan Ghana. A 2017 gwajin lafiya a Brighton ya gano yana da matsalar zuciya, kuma a 11 ga Nuwamba 2023 ya faɗi a fili a Albaniya ya rasu yana da shekara 28. Ba kowace ƙungiyar kolts ce za ta iya gwajin zuciya ba, amma kowace na iya yin tambaya huɗu ranar rajista, a gaban uwa ko uba: ya taɓa suma yana cikin gudu? Ƙirjinsa na ciwo idan yana wasa? Yana haki fiye da tsaransa? Akwai wanda ya mutu farat ɗaya a dangi kafin shekara 50? E guda ɗaya ta isa a tura shi likita kafin ya sa jesi. Kuma duk ɗan wasan da ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, a ɗauka zuciya ce ta tsaya ko da jikinsa na karkarwa. Ba lokacin yayyafa ruwa ba ne ko cusa cokali a baki. A kwantar da shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirji da hannu biyu, zurfin santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya kira lambar gaggawa 112. Abin da ya ceci ɗan wasan Denmark Christian Eriksen a Copenhagen a 2021 ke nan, tare da na'urar farfaɗo da zuciya da ke bakin fili. Duk ɗan siyasar da ya iya shimfiɗa filin roba zai iya rataye wannan na'urar a ɗakin mai gadi.

Bugun kai shi ma muna raina shi saboda ba jini. Ba sai yaro ya suma ba kafin a ce ƙwaƙwalwa ta girgiza. Jiri, ciwon kai, gani biyu-biyu, tashin zuciya, ko ya kasa faɗin wa ake bugawa da nawa-nawa ake, ko ɗaya ya isa a cire shi kuma ba ya komawa ranar. Amai fiye da sau ɗaya, barci mai nauyi, ciwon kai mai ƙaruwa, ciwon wuya ko mutuwar hannu, asibiti kai tsaye, kuma wanda ake zargin wuyansa ba a ɗaga shi a kafaɗa. Komawa mataki-mataki ce: hutun kwana ɗaya ko biyu, tafiya, sassarfa, atisaye ba karo, atisaye cikakke, sannan wasa, kowane mataki aƙalla awa 24, kuma sai ya iya zaman aji ba ciwon kai tukuna. Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa kai tun 2015. Mu ma ba abin da za mu rasa idan muka daina jera ƙananan yara ana jefa musu ƙwallo a ka sau talatin.

Abin da ake yi bayan an ji ciwo sau da yawa ya fi ciwon ɓarna. Targaɗen idon sawu, al'adarmu ruwan zafi da man zafi da murza mai ƙarfi. A kwana biyu zuwa uku na farko wannan ƙara kumburi yake yi. Ƙanƙara a tsumma minti 15 zuwa 20 duk awa biyu ko uku, bandeji mai naɗewa ba matsewa ba, a ɗaga ƙafa sama da ƙirji. A nemi hoto idan yaro ya kasa yin taku huɗu, ko ƙashin idon sawu da kansa ke zafi idan an danna, ko gefen tafin ƙafa ta wajen ƙaramin yatsa. Kafin ya koma fili ya iya tsayuwa da ƙafar daƙiƙa 30, ya yi tsalle goma a kanta, ya yi gudu ya juya ba ciwo. Wanda ya koma kafin haka shi ne wanda idon sawunsa ke gocewa duk wata.

Ba na cikin masu zagin maɗora. Suna kusa, suna da sauƙin kuɗi, mutane sun yarda da su, kuma asibiti akwai layi. Amma maɗori ba ya ganin cikin ƙashi, kuma karayar da ta bi ta faifan girma ko ta shiga gaɓa ba a gane ta da hannu. Ga kuma ɗauri: karan da aka matse a kan gaɓar da ke kumbura yana tare jini, kuma awanni kaɗan sun isa tsoka ta mutu. Ciwo mai ƙaruwa bayan ɗori, yatsu su yi sanyi ko su canza launi ko su daina ji, a kwance ɗaurin a tafi asibiti a daren. Mafi ƙarancin abin da nake roƙo shi ne hoto tukuna, kafin kowa ya taɓa ƙashin yaro. Maɗoran kirki ma yanzu suna neman a kawo musu shi.

Ƙwaya kuwa ba ni da sassauci a kanta. Ciwo shi ne ke gaya wa yaro ya tsaya. Wanda aka kashe masa shi da tramadol zai ci gaba da gudu a kan abin da ya tsage, ga kuma jarabar da muka ga abin da ta yi wa samarin zango. Tun 1 ga Janairu 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa, don haka mai saba wa yaro da shi yana rufe masa ƙofar Turan da ake nema. Diclofenac ma, a cikin da ba abinci da jikin da ba ruwa, ƙoda da tumbi yake ci.

Za a ce kocin kolts sa kai yake yi, ba albashi, wani lokaci daga aljihunsa yake sayen ruwa, yaya za a ƙara masa kaya? Maganar gaskiya ce, shi ya sa nauyin bai kamata ya tsaya a kansa shi kaɗai ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ghana tana ba da lasisin koci tun daga matakin D, kuma ita ke rajistar ƙungiyoyin yara ta hannun rassanta na gunduma. Tana iya sharɗanta cewa ba ƙungiyar da za a yi wa rajista sai mutum ɗaya a cikinta ya nuna, a aikace ba a takarda ba, cewa ya iya jagorantar 11+ kuma ya iya danna ƙirji. Horon yini biyu ne. Alhazai da 'yan majalisa da ke ɗaukar nauyin galar Sallah su cire kashi ɗaya cikin goma na kuɗin kofi da kanofi da makaɗa, su ɗauko ma'aikacin jinya ko mai gashin ƙashi ya zauna bakin fili, kuma maganarsa ta fi ta koci idan ya ce yaro ya fita. Limamai da sarakunan zango da ake gayyata su buɗe gasa suna da bakin tambaya kafin su zauna: ina mai duba yaran?

Iyaye kuma nasu guda uku ne. Su san awa nawa ɗansu ke bugawa a mako idan an haɗa ko'ina. Su tabbata katin inshorar lafiyarsa na aiki, tunda 'yan ƙasa da 18 ba sa biyan kuɗin shekara sai ɗan kuɗin sabuntawa, kuma ana yi ta waya da *929#. Koci ya riƙe lambar katin kowane yaro da lambar wayar gida a littafin da yake rubuta tsawo. Su kuma duba ko allurar tetanus ɗinsa ta cika, don ƙujewar filin sakora da ƙasa take zuwa. Akwatin bakin fili bai wuce kula mai ƙanƙara, bandeji mai naɗewa guda huɗu, auduga da filasta, safar hannu, almakashi, ruwan wanke ciwo, gishirin zawo na ORS da katako biyu na tallafe karaya ba. Kafin alƙalin wasa ya busa, a san motar wa za a ɗauka, makullin yana hannun wa, kuma Asibitin Mamobi za a nufa ko asibitin sojoji na 37 ko na Ridge.